CIWON ƘAMEWA: MA'ANARSA, DALILANSA, ALAMOMINSA DA MAGANINSA

Gabatarwa

Tun sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a shekarar 1912, Hausawa ba su fasa kwarara zuwa bakin teku neman halaliya ba. Unguwar Zango ta Agege, inda fataken goro suka kafa sansani tun da daɗewa, ta bunƙasa ta zama gari guda, da sarkinta da limamanta da makarantunta. Haka nan akwai jama'ar arewa masu yawa a Idi-Araba da Obalende da kasuwar Mil 12 da mahautar Oko-Oba. Cikinsu akwai 'yan kasuwa da mahauta da 'yan dako da 'yan garuwa da masu gadi da direbobi, kuma galibinsu sun baro iyaye da iyali a gida.

Daga cikin kyawawan al'adun mazauna waɗannan unguwanni akwai ta taimakon maras lafiya. In ciwo ya kwantar da mutum, 'yan garinsu sukan haɗa kuɗin mota su mayar da shi gida wajen danginsa. Wannan zumunci ne abin yabo. Amma akwai wani ciwo wanda in aka yi masa haka ana iya rasa ran majinyacin a hanya, alhali kuwa maganinsa yana nan kusa, kuma sau da yawa yakan yi aiki cikin sa'o'i kaɗan. Shi ne ciwon ƙamewa, wanda likitoci ke kira katatoniya.

Yadda Abin Yake Faruwa

A ɗauki misalin wani saurayi ɗan dako mai kwana a ɗaki ɗaya da 'yan garinsu a Zango. Ya yi makonni yana rage magana, ya bar zuwa hira, barci ya ƙaurace masa. Ran nan da asuba aka zo tashinsa salla, sai aka tarar da shi zaune a bakin tabarma, idanunsa a buɗe, ya kafe su a bango. Aka kira sunansa, shiru. Aka girgiza shi, shiru. Wani ya ɗaga hannunsa ya saki, sai hannun ya tsaya a sama kamar an rataye shi da igiya. Aka kawo koko da ƙosai, ya datse haƙora.

Aka wuni, aka kwana, yana nan yadda yake. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce jifa aka yi masa, wani ya ce taurin kai ne kawai. A rana ta uku shawara ta tsaya a kan a sa shi cikin wata babbar mota da ta sauke shanu za ta koma arewa. Sai maigidansu, wani dattijo mai saukar da fatake, ya ce a fara kai shi asibiti tukuna.

Da likita ya duba shi, ya tambayi dattijon, "Baba, kwana nawa ke nan bai ci bai sha ba?"

Dattijo ya ce, "Yau uku ke nan, likita. Da ma gida muke shirin kai shi."

Likita ya ce, "Gara da kuka kawo shi nan, Baba. A halin da yake ciki, Allah kaɗai ya san ko da zai isa."

Aka ɗaura masa ƙarin ruwa, aka ɗebi jininsa don awo, sa'an nan aka yi masa wata allura. Ba a cika rabin sa'a ba sai ya juyo da kai a hankali ya dubi dattijon, ya ce, "Baba, ƙishirwa nake ji." Bayan ya warware ya ba da labarin duk abin da aka faɗa a kansa cikin kwanakin nan uku, har da sunan wanda ya ce taurin kai ne.

Mene ne Ciwon Ƙamewa?

Ciwon ƙamewa wani hali ne da ƙwaƙwalwa ke shiga, ta kasa sarrafa motsi da magana da nufi yadda ta saba. Gaɓoɓin mutum lafiyarsu lau, ba su shanye ba, harshensa bai mutu ba, idanunsa a buɗe, amma umurnin da ke fitowa daga kai zuwa jiki ya sarƙe. Ana iya kwatanta shi da motar da injinta ke aiki, da mai a tanki, amma birki ya kama ya ƙi saki. Wani lokaci kuma akasin haka ke faruwa, watau totur ne ya maƙale, mutum ya yi ta motsi ba kai ba gindi.

Shi wannan hali tamkar zazzaɓi yake, domin alama ce da cututtuka iri-iri ke haifarwa. Saboda haka aikin likita biyu ne: ya saki birkin, kuma ya gano abin da ya sa ya kama. Ciwon yana samun maza da mata, yara da manya, kuma ba a ɗaukarsa daga jikin wani. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna kimanin mutum ɗaya cikin goma na waɗanda ake kwantarwa da gaggawa a asibitocin taɓin hankali suna da shi.

Taƙaitaccen Tarihi

Wani likita Bajamushe, Karl Kahlbaum, shi ya fara bayyana ciwon filla-filla ya raɗa masa suna a shekarar 1874. Daga baya wani Bajamushen, Emil Kraepelin, ya sa shi cikin rukunin babban taɓin hankalin nan da yanzu ake kira sikizofireniya. Wannan ra'ayi ya yi rinjaye kusan shekara ɗari, har likitoci da yawa suka ɗauka duk wanda ya ƙame to wannan cuta ce gare shi, suka riƙa ba da maganin da ba koyaushe yake dacewa ba.

A hankali aka gano gaskiya. A shekarar 1930 wani likitan Amurka, William Bleckwenn, ya nuna cewa allurar wani maganin barci tana sa ƙamammen mutum ya tashi ya yi magana ya ci abinci na ɗan lokaci. A 1938 likitoci biyu a birnin Rum, Ugo Cerletti da Lucio Bini, suka fara jinya da lantarki. A 1983 aka ba da rahoton amfanin maganin da ake kira lorazepam, wanda shi ne kan gaba har yau. A 2007 Josep Dalmau da abokan aikinsa suka gano wani kumburin ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki ke haddasawa, wanda yakan zo da ƙamewa, musamman ga 'yan mata. Sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2022, ya ware ciwon ƙamewa ya ba shi babi nasa na kansa.

Alamomin Ciwon

Likitoci sukan tabbatar da ciwon in sun ga alamomi uku ko fiye daga cikin irin waɗannan:

1. Mutum ya zauna ko ya kwanta ba motsi, alhali idonsa biyu, bai kula da abin da ke gudana kewaye da shi ba.

2. Ya daina magana sam, ko ya riƙa fitar da kalma ɗaya ko biyu da ƙyar.

3. Ya kafe ido wuri ɗaya, ba ya ƙiftawa sai jefi-jefi.

4. Ya tsaya a wani irin tsayi mai wahala na tsawon lokaci, kamar ya ɗaga hannu, ko ya tsaya da ƙafa ɗaya, ko ya kwanta kansa a ɗage kamar akwai matashi alhali babu.

5. In aka lanƙwasa hannunsa ko ƙafarsa sai su bi a hankali kamar kakin zuma, su tsaya inda aka bar su.

6. Ya riƙa turjewa ba dalili. In aka ce ya buɗe baki ya datse, in aka jawo shi ya ja da baya.

7. Ko kuwa ya bi kowane umurni kamar inji, ko da bai da ma'ana.

8. Ya riƙa maimaita maganar da aka yi masa, ko ya kwaikwayi motsin mai yi masa magana.

9. Ya riƙa nanata motsi guda ba fasawa, kamar rangaji, ko buga ƙirji, ko murza yatsu.

10. Ya yamutsa fuska ko ya turo baki ya bar shi haka.

11. Ya ƙi ci da sha, ya riƙe yawu a baki, ya riƙe fitsari ko ya sake shi a zaune.

12. Ya zabura farat ɗaya yana zirga-zirga da fisge-fisge ba tare da an tsokane shi ba.

Alamomin sukan zo su tafi. Mai yiwuwa ne majinyaci ya yi magana da safe ya ƙame da yamma. Wannan ba ya nuna ƙarya yake yi, halin ciwon ke nan.

Ire-irensa Uku

Na farko shi ne mai sanyi, wanda aka fi gani, inda mutum ke ƙamewa ya yi shiru. Na biyu mai zafi, inda yake ta motsi da surutai marasa kan gado, ba barci ba hutu, har ya galabaita ko ya ji wa kansa ciwo. Mutum ɗaya yana iya sauyawa daga wannan zuwa wancan a yini guda. Na uku shi ne mugun, wanda yake zuwa da zazzaɓi mai tsanani, da gumi, da bugun zuciya da sauri, da jini mai hawa da sauka, da ƙagewar jiki duka. Wannan yakan kashe cikin 'yan kwanaki in ba a yi hanzari ba. Duk ƙamammen da jikinsa ya yi zafi, to ba a jira wayewar gari.

Shin Yana Ji?

Wannan tambaya ce da 'yan'uwa kan yi. Amsa ita ce, da yawa daga cikin majinyata suna ji, suna gani, kuma suna tuna abin da ya faru bayan sun warke. Da yawansu sun ce wani matsanancin tsoro ne ya rufe su, suna so su amsa amma abin ya faskara. Wasu masana suna ganin wannan hali ɗan'uwan abin da wasu dabbobi ke yi ne in sun ga halaka, kamar yadda bushiya ke dunƙulewa ta yi lamo. Saboda haka wajibi ne a kiyaye harshe a gabansa. Kada a yi zancen mutuwarsa, kada a zage shi, kada a yi masa ba'a. A gaishe shi da sunansa, a gaya masa abin da za a yi masa kafin a taɓa shi.

Abubuwan da Ke Kawo Shi

Akwai wasu sinadarai da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su. Wani yana kwantarwa, wani yana zaburarwa, wani yana daidaita motsi. In ma'auninsu ya karkace a sashen da ke tsara motsi da nufi, sai ƙamewa ta auku. Abubuwan da ke karkatar da ma'aunin kashi uku ne.

Kashi na farko, cututtukan hankali. Waɗanda suka fi kawo shi su ne matsanancin baƙin ciki mai kwantar da mutum, da ciwon nan mai sa mutum ya yi ta zumuɗi da rashin barci wani lokaci, wani lokaci kuma ya faɗa ƙunci. Sai sikizofireniya, da ruɗewar da kan sami wasu mata cikin makonnin farko na jego. Firgita mai tsanani ma tana iya zama sanadi, haka kuma yaran da aka haifa da lalurar nan ta rashin cuɗanya da mutane, watau otizim, sukan gamu da shi in sun tasa.

Kashi na biyu, cututtukan jiki. Kimanin ɗaya cikin biyar na masu ƙamewa, asalin ciwonsu a jiki yake. Daga ciki akwai kumburin ƙwaƙwalwa, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da zazzaɓin taifot, da tarin fuka ko cutar ƙanjamau in sun kai ga ƙwaƙwalwa, da wata irin farfaɗiya marar jijjiga, da ƙari a cikin kai, da buguwar kai a haɗarin mota ko babur, da lalacewar ƙoda ko hanta, da rikicewar gishirin jini. A shekarar 1972 Farfesa Benjamin Osuntokun da abokan aikinsa a Ibadan sun wallafa bincike a kan majinyata 959 masu taifot, inda suka nuna yadda wannan zazzaɓi ke taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Wannan abin lura ne ga mazauna unguwanni masu cunkoso inda ruwan sha bai da tabbas.

Kashi na uku, magunguna da kayan maye. Magungunan taɓin hankali masu ƙarfi, irin su haloperidol da Largactil, suna iya jawo ƙamewa ko su tsananta ta, har su kai ta ga mugun nau'in nan mai zazzaɓi. Wani maganin amai mai suna metoclopramide shi ma yakan yi haka. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayar barci irin su Valium, in ya daina farat ɗaya, yana iya ƙamewa. Tabar wiwi da wasu kayan maye su ma suna cikin sanadai.

Cututtukan da Ke Kama da Shi

Sanƙarau yana sandarar da wuya, amma yana zuwa da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da amai. Ciwon sarƙewar haƙora, wanda ake samu ta ƙazamin rauni, yana ƙage muƙamuƙi da baya, jiki ya riƙa fisga da zafi. Shanyewar ɓarin jiki takan hana magana, amma hannu ko ƙafa sukan saki ne, baki ya karkace. Mai dogon suma kuwa idanunsa a rufe suke, in an ɗaga hannunsa sai ya faɗi. Ba aikin 'yan'uwa ba ne su rarrabe waɗannan. Dukkansu na gaggawa ne, kuma hanyarsu ɗaya ce, watau asibiti.

Haɗarin Jinkiri

Abin da ya fi kashe mai ciwon ƙamewa shi ne rashin ci da sha da rashin motsi. Mutum yana iya jure yunwa na makonni, amma ƙishirwa kwanaki kaɗan take ɗauka, balle a zafin Ikko da ɗaki mai cunkoso. In ruwan jiki ya ƙare ƙoda takan tsaya. In ƙafafu suka daɗe ba motsi jini yakan daskare a cikin jijiya, gudan ya ɓalle ya toshe huhu, mutum ya mutu nan take. Kwanciya a gefe ɗaya tana kawo gyambo a kwankwaso da diddige. Gaɓoɓi sukan ƙage har abada in an daɗe. Fitsarin da aka riƙe yakan kumbura mara ya jawo cuta.

Daga nan za a gane haɗarin doguwar tafiya. Tsakanin Ikko da Kano kimanin kilomita 1,000 ne, Sakkwato da Maiduguri ma ba kusa ba ne. Mutumin da ya riga ya yi kwana biyu ko uku ba ruwa, a naɗe shi a bayan babbar mota, rana ta dake shi, ya yi yini da kwana ba motsi, an haɗa masa dukkan haɗarurrukan nan a lokaci guda. In ma ya isa da rai, sau da yawa ƙauyensu ya fi nisa da likitan ƙwaƙwalwa a kan ɗakin da ya baro a Agege. A yi magani tukuna, in ya sami sauƙi ya tafi gida da ƙafarsa.

Abin da Ya Kamata a Yi

1. A kai shi asibiti a ranar da aka ga alamomin. In ya ƙi shan ruwa, ko jikinsa ya yi zafi, ko numfashinsa ya sauya, a tafi nan take ko da tsakar dare ne. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

2. Wanda ya fi saninsa ya raka shi, domin majinyacin ba zai iya ba da labari ba. In Turanci ko Yarabanci zai yi wuya, a tafi da tafinta.

3. A kwashi dukkan magungunan da yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a nuna wa likita. In yana shan kayan maye a faɗi gaskiya, likita ba ɗan sanda ba ne.

4. A gaya wa likita ranar da abin ya fara, da ranar da ya ci ya sha na ƙarshe, da ko ya yi zazzaɓi, ko ya bugu a kai, ko ya taɓa yin irin wannan, ko mace ce mai jego.

5. Kafin a sami mota a kwantar da shi a gefensa a wuri mai iska, a riƙa juya shi, kada a bar shi shi kaɗai.

Abin da Bai Kamata a Yi Ba

1. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu ko jiƙo da ƙarfi. Wanda ba ya haɗiya, abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya, ya shaƙe shi ko ya sa masa ciwon huhu.

2. Kada a ɓamɓare haƙoransa da cokali ko icce.

3. Kada a doke shi, ko a tsattsage shi, ko a turara masa barkono ko hayaƙi a rufaffen ɗaki wai don ya yi magana.

4. Kada a sa masa mari ko sarƙa.

5. Kada a kira mai kemis ya yi masa allurar kwantar da mahaukata. Ita ce takan mayar da ciwon mai sanyi ya zama mugu.

Addu'a kuwa ba ta hana magani, magani bai hana addu'a ba. Malamai sun tabbatar neman magani ba ya karo da tawakkali. Ana iya yi wa majinyaci addu'a a gefen gadonsa na asibiti, ƙarin ruwa na shiga jikinsa.

Yadda Ake Magani a Asibiti

Likita zai fara da auna zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini da sukari, ya ɗaura ƙarin ruwa in da bukata. Zai gwada gaɓoɓi ya ƙirga alamomi da wani ma'auni da ake kira Bush-Francis, wanda aka fitar a 1996, mai ɗauke da alamomi 23. Za a auna jini da fitsari, wani lokaci a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, ko a ɗebi ruwan gadon baya, ko a auna lantarkin kai don neman ɓoyayyiyar farfaɗiya. In majinyaci yana kan maganin da ake zargi, likita zai dakatar da shi.

Sa'an nan sai gwajin lorazepam. Ana ba da ɗan kaɗan, a jira, a sake dubawa. Abin mamaki shi ne, maganin da ke sa mai lafiya barci shi ke tashin ƙamamme, domin yana ƙarfafa sinadarin nan mai kwantar da ƙwaƙwalwa, sai sarƙewar ta warware. Inda babu lorazepam akan yi amfani da ɗan'uwansa diazepam. Kimanin biyu cikin uku na majinyata, ko fiye, suna samun sauƙi da wannan magani, wasu cikin mintoci, wasu cikin kwanaki. Wanda aka kawo da wuri ya fi saurin amsawa. Magani ne da ake bayarwa a ƙarƙashin idon likita kaɗai, domin yana iya danne numfashi, kuma jiki yana sabawa da shi.

In wannan bai yi ba, ko ciwon mugun nau'in ne, sai a koma ga jinyar lantarki. Jama'a suna tsoronta saboda sunanta, amma tana cikin mafi ingancin magungunan wannan ciwo, ta kuma ceci rayuka masu yawa. A yadda aka tsara yinta, ana sa majinyaci barci da allura, a ba shi maganin sassauta tsoka, sa'an nan a ratsa ɗan lantarki kaɗan a kansa na 'yan daƙiƙoƙi. Akan yi sau biyu ko uku a mako, jimla kamar sau 6 zuwa 12. Takan bar ciwon kai da 'yar mantuwa, waɗanda galibi suke wucewa. Haƙƙin 'yan'uwa ne a yi musu cikakken bayani kafin a fara.

Tare da wannan duka, ma'aikatan jinya za su riƙa juya shi, su motsa gaɓoɓinsa, su ba shi abinci ta roba in ba ya haɗiya. Wanda ya daɗe da yunwa a hankali ake mayar da shi kan abinci, don haka kada 'yan'uwa su cika shi da tuwo a ɓoye ranar da ya buɗe baki. Daga ƙarshe sai a fuskanci tushen ciwon, in taifot ne a yi maganinsa, in baƙin ciki ne a yi nasa.

Bayan Sallama

Ciwon yana iya dawowa, musamman in aka yanke magani farat ɗaya. Likita ne zai riƙa rage shi kaɗan-kaɗan. Wanda zai koma arewa ya nemi takardar da ta bayyana ciwonsa da magungunansa, ya kai ta asibiti mafi kusa da garinsu. 'Yan'uwa su lura da alamomin farko, watau raguwar magana, da nauyin jiki, da ƙin abinci, da rashin barci. Wanda ya warke yana iya komawa sana'arsa, ya yi aure, ya riƙe gidansa kamar kowa. Bai kamata a laƙaba masa suna ko a guje shi ba.

Inda Za a Je

Mazauna Agege suna da Babban Asibitin Orile-Agege a kusa, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas a Ikeja. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba. Akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Yaba, wanda aka buɗe tun 1907, kuma jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara jigila a 2024 yana tsayawa a Agege da Ikeja da Yaba. A Abeokuta akwai asibitin Aro, inda Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya ƙirƙiro tsarin jinya a ƙauye a 1954, majinyaci ya zauna tare da ɗan'uwansa a cikin jama'a yana karɓar magani, tsarin da ya yi suna a duniya. A arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. In ciwon ya zo da zazzaɓi ko rashin shan ruwa, a nufi sashen gaggawa na babban asibiti mafi kusa.

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Dokar ta tabbatar wa mai lalurar hankali haƙƙinsa na samun magani da mutunci, ta kuma hana wulaƙanta shi da ɗaure shi da sarƙa.

Kira ga Shugabannin Jama'a

A unguwannin baƙi, maigida shi ne uba, abokin kwana shi ne ɗan'uwa. Saboda haka nauyin wannan al'amari yana kan sarakunan Hausawa da masu unguwanni da limamai da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na direbobi. Ana roƙon limamai su bayyana wa jama'a waɗannan alamomi bayan salla, malaman makarantu su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Ana roƙon direbobi, in aka kawo musu maras lafiyar da ba ya magana, ba ya ci, ba ya sha, su tambaya ko likita ya gan shi kafin su ɗauka. Kuɗin da aka saba haɗawa na mota, a fara kashe shi a kan kati da awo da magani.

Abubuwan Tunawa

Mutumin da ya ƙame, ya yi shiru, ya ƙi ci da sha, maras lafiya ne, kuma mai yiwuwa yana jin duk abin da ake faɗa. Ciwonsa yana da magani, maganin kuma ya fi aiki in an zo da wuri. Ba a ɗura masa kome, ba a dukansa, ba a ɗaure shi, ba a sa shi doguwar tafiya. A kai shi asibiti a ranar, tare da wanda ya san shi da magungunan da yake sha. Rashin sani ya fi dare duhu, wanda kuwa ya karanta wannan ya sanar da maƙwabcinsa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ƙara wa masu ita, amin.